Ciwon Sukarin Yara a Bakin Iyakar Jibiya

In an ce ciwon sukari, yawancinmu Alhaji mai tumbi muke hangowa, ko Hajiyar da likita ya raba da tuwon shinkafa. Shi ya sa in na gaya wa uwa cewa shi ne ke damun ɗanta ɗan shekara bakwai, amsar kusan ɗaya ce: "Haba Malama, wannan ɗan tsurut ɗin? Ko alewa fa ba ya samu." Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma ana yawan kawo mana marasa lafiya daga ɓangaren Jibiya: Mazanya, Magama da ƙauyukan bakin iyaka, har da 'yan uwanmu na tsallake daga Ɗan Isa da Madarunfa.

Irin wanda ya fi kama yara, wato nau'i na ɗaya, babu ruwansa da shan zaƙi. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai samar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukarin abinci cikin tsoka ya zama ƙarfi. Garkuwar jikin yaron ce ke juyawa ta lalata ƙwayoyin da ke wannan aiki. Sai sukari ya taru a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi tare da ruwan jiki. Daga nan alamomin ke fitowa. Yaro ya riƙa fitsari babu ƙaƙƙautawa, wanda ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi. Ga ƙishirwa, cikin dare sai a ji shi a gindin randa. Yana ci yana ramewa. Wata kaka ta taɓa ce mini ita abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne tururuwa da ke yanyame wurin da jikanyarta ta tsuguna.

A wannan matakin ba kasafai muke ganinsu ba. Sai jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse, guba ta taru a jini, sannan a ɗauko yaro a mota ko a bayan babur. Yana amai, yana riƙe ciki, idanu sun faɗa, yana jan numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na tashin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Kafin nan an bi ta kemis an yi allurar zazzaɓin sauro, an sha maganin taifot, wani an ce limoniya ce saboda numfashin, wani kuma da ya fara surutai an ce iska ce an yi hayaƙi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda aka yi wa ƙarin ruwa mai sukari a gida wai don ya samu ƙarfi. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa, a na'urar da ba ta kai tafin hannu ba, ya isa ya nuna inda matsalar take cikin ƙasa da minti guda. Yaro mai waɗannan alamomi in sukarinsa ya kai miligiram 200, a wuce da shi babban asibiti a ranar, ko na Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kada a ce sai an ga kwanan gobe.

Wannan adadi da sauran ƙa'idojin da muke aiki da su suna cikin jagororin ƙungiyar masana ciwon sukarin yara da matasa ta duniya, wadda ake kira ISPAD. A 1974 ta fara a matsayin zauren nazari na wasu likitocin yara, a 1993 ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu. Likitoci ne a cikinta da ma'aikatan jinya da masana abinci da masana halayyar ɗan Adam. Tun 1995 take fitar da jagororin kula da yara masu wannan ciwo, tana sabunta su lokaci zuwa lokaci, kuma kyauta ake sauke su a intanet. A fitowar 2022 akwai babi guda kan wuraren da ba su da wadatar kayan aiki, da wani kan azumin Ramadan. Da hannunta aka kafa cibiyar horar da likitocin wannan fanni a Nairobi a 2008, daga baya aka buɗe irinta a Legas. ISPAD da shirin Life for a Child, mai tallafa wa yara da insulin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sun kuma wallafa ɗan littafin aljihu don ma'aikata irinmu. Ina ganin ya kamata kowace ƙaramar cibiyar lafiya ta mallake shi.

Sai dai akwai abubuwan da sai wanda ya yi aiki da mutanen bakin iyaka yake cin karo da su. Na farko lissafi. Ɗakunan gwajinmu sun fi rubuta sakamako da milimol, na'urorin hannu da yawa da miligiram suke nunawa, takardar da aka zo da ita daga Maraɗi kuma da giram a lita, bisa tsarin Faransa. Wato 11.1 da 200 da 2 duk magana ɗaya ce. Ma'aikacin da ya ga 3 a takardar Nijar ya ɗauka milimol ne, zai zaci sukari ya faɗi ya ƙara wa yaro sukari, alhali 300 ake nufi. A duba ma'aunin kafin a duba lambar.

Na biyu sirinji. Akwai insulin mai ƙarfin 100 a kowace mililita, akwai mai 40, kowanne da nasa sirinjin. Iyali na sayen kwalba a Katsina, sirinji ya ƙare a saya a wani wurin. In aka ja mai 100 da sirinjin 40, yaro ya samu ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, wanda zai iya sumar da shi. In aka juya, bai samu ko rabi ba. Nakan sa uba ya ɗora kwalbar da sirinjin a tafinsa, in ce: "Baba, lambar nan da wannan, in ba su zama ɗaya ba kada ka karɓa, ko kyauta ne." Ko bai yi boko ba yana gane lamba.

Sai ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta daskare. Wadda ake amfani da ita takan yi kusan mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. Ina firji da wuta a ƙauye cikin zafin bazara? A nan dabarar marigayi Muhammad Bah Abba ta yi rana, malamin nan da ya yaɗa ta a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A sa kwalbar cikin leda ko ɗan gwangwani don kada takardar jikinta ta jiƙe. Aljihun ɗan acaɓa da gaban mota ba wurin ɗaukar insulin ba ne.

Hanya ma ba kullum take a buɗe ba. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ga matsalar tsaro da kowa ya sani. Don haka kada a jira kwalbar ƙarshe ta kusa ƙarewa kafin a fita nema. Yaro mai nau'i na ɗaya in ya rasa insulin, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya komawa wancan hali na amai da jan numfashi. Ban hana kowa cin zogale ko neman addu'a ba, amma babu ɗaya da ke maye gurbin allurar. Ko yana zazzaɓi bai ci abinci ba, ba a dakatar da ita gaba ɗaya. A yawaita gwaji, a kira ma'aikacin lafiya ya daidaita adadin.

Matasa kuwa azumi ne fagen gardamarmu. Saurayi ɗan sha biyar ba ya son abokai su gan shi yana ci da rana. Gara ya zo tun cikin Sha'aban a zauna da likita a duba ko jikinsa zai ɗauka, a sake tsara allurar. Wanda aka amince masa, in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya karya nan take ko saura minti goma a sha ruwa. Gwajin yatsa ba ya karya azumi a wurin malaman da suka yi fatawa a kai.

Faɗuwar sukari ta fi zuwa ba shiri: rawar jiki, gumi, yunwa, yaro ya rikice ko ya hau fushi babu dalili. A jiƙa sukari a ruwa a ba shi, ko lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe ɗaya a garzaya asibiti. Malamin boko da na allo duk a sanar da su wannan, a kuma bar yaron ya riƙa yawo da ƙullin sukari a aljihu.