Wane Mai? Darasi Daga Garejin Bakanike

A lokacin hutu na raka kawuna gareji da tsohuwar motarsa Peugeot 504. Irin wannan mota an fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma tana cikin motocin da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Sati biyu ke nan da aka sauke injinta aka sa mata sababbin ringi, amma da muka cire matatar iska sai muka tarar da danshi a bakin kafireta da cikin bututun da ke kai iska ga silinda.

Na ce wa bakanike, “Maigida, akwai mai a bututun nan.” Sai ya ce, “Wane mai, ɗana?” Na rasa amsa.

A nan darasin yake. A Hausa kalmar “mai” ta tattara abubuwa da yawa: man fetur, baƙin mai, man birki, man giya. Idan ba a jingina mata wata kalma ba, zancen bai cika ba. Ga bakanike kuwa, fetur da baƙin mai cuta biyu ce daban, kowacce da maganinta.

Ga yadda ya bambance su. Da farko ya shafo danshin da yatsa ya shinshina, sannan ya ɗiga shi a farar takarda. Fetur yana da wari mai ƙarfi, kuma yana bushewa nan da nan. Baƙin mai yana da santsi, yana barin tabo. Na biyu ya kwance filogi. Filogi mai busasshen baƙin toka yana nuna fetur ya yi yawa, mai jiƙe da maiƙo kuwa yana nuna baƙin mai. Na uku ya duba hayaƙin salansa: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai, fari mai kauri kuma alamar ruwa ya shiga silinda.

Idan fetur ne, a duba allurar da ke tsayar da shi a cikin kafireta, ko cok da ya maƙale. Idan baƙin mai ne, yana iya biyo tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, musamman idan sababbin ringi ba su gama zama ba ko an cika mai fiye da ƙima. Yana kuma iya zurarowa ta robar bawul.

Namu fetur ne, allurar kafireta ce ba ta rufewa. Da na tsaya a kan “mai” kawai, da wataƙila an sake buɗe inji a banza. Da kuma an ƙyale shi, fetur zai wanke baƙin man da ke jikin silinda, sababbin ringi su cinye, ban da haɗarin gobara.

Aiki ga ɗalibi: ka je gareji mafi kusa, ka rubuto sunaye goma na sassan mota yadda makanikai ke faɗarsu. Ka ware na aro, kamar filogi da salansa, daga waɗanda Hausa ta faɗaɗa ma'anarsu, kamar allura da numfashi.