Kuftar Kaza Domin Mai Jinya da Yaro

Idan zazzaɓi ya sauka, ba a nan jinya ta ƙare ba. A nan ƙasar Gadarif mun saba ganin masu ciwon kala'azar, musamman daga ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara. Mutum zai gama allurarsa ta kwana 17, ya koma gida a rame, jini ya yi ƙaranci. Asida da kunu suna cika ciki, amma jikin da ya zube yana bukatar abinci mai gina jiki: nama, ƙwai, wake, gyaɗa, madara. Matsalar ita ce mai jinya ba ya iya tauna tsoka mai tauri. Haka tsoho marar haƙori, haka ƙaramin yaro.

Mutanen Japan suna da wani girki da suke kira tsukune. Niƙaƙƙen naman kaza ne da ake cuɗawa da ƙwai, albasa da citta, a mulmula, a gasa ko a soya. Ɗan'uwan kufta ne da kuka sani. Kayansa duk akwai a kasuwanninmu.

A sami tsokar kaza rabin kilo. Ta cinya ta fi, domin ba ta bushewa. A cire ƙashi da guringuntsi tsaf. A Japan wasu kan sa guringuntsi a ciki don ɗan ƙurus-ƙurus, amma yana iya shaƙe yaro. A yayyanka naman ƙanana, a daka a turmi har ya yi laushi. A zuba ƙwai 1, ƙaramar albasa 1 da aka yanka sosai, citta kaɗan, gishiri kaɗan, da garin dawa ko na alkama cokali 2. A cuɗa da hannu har ya fara danƙo. Kada a yi gaggawa a nan. Danƙon ne yake hana kuftar wargajewa a kasko.

A shafa mai a tafin hannu, a ɗebo kamar girman ƙwai, a faɗaɗa shi. Kaurinsa kada ya wuce yatsa. A sa man riɗi kaɗan a kasko, wuta matsakaiciya, kowane gefe kamar minti 4. Sai a zuba ruwa rabin kofin shayi, a rufe minti 5. Tururin ne yake dafa cikin, ya kuma bar ta da taushi. Su Japanawa sukan zuba miyar waken soya da sukari a kai. Mu lemun tsami da soyayyen riɗi sun isa, ga shi riɗi ba baƙo ba ne a gonakin Gadarif.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ɗanyen naman kaza yakan ɗauki ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa da amai, irin su salmonela. Idan an daka naman, ƙwayoyin da suke a bayansa sun shiga har tsakiya. Saboda haka a fasa kufta mafi kauri a duba. Idan akwai ja-ja ko ruwan jini, a mayar da ita wuta. Na sha karɓar yara masu gudawa, uwa tana rantsuwa ta dafa naman, alhali bayansa kawai ya soyu. A wanke hannu, wuƙa, turmi da taɓarya da sabulu da ruwan zafi, a shanya su a rana. Kwanon da ya ɗauki ɗanyen nama kada ya ɗauki dafaffe.

A Japan akan tsoma tsukune cikin ɗanyen gwaiduwar ƙwai. Wannan kam kada ku kwaikwaya. Mai ciki, yaro da mai jinya, dafaffen ƙwai kawai za su ci.

Yaro da ya cika wata 6 za a iya murmusa masa kaɗan cikin kunu ko miya, ba gishiri, ba barkono, ana ci gaba da ba shi nono. Mai jinya a ba shi guda ɗaya ko biyu, sau biyu a rana, maimakon a tara masa kwano guda ya kasa ci. A zafin bazara irin namu, in babu firji, kada kuftar ta wuce awa 1 a ajiye. A daka daidai wadda za a cinye.