Yadda Maganar Gwamnati Ke Motsa Kasuwa

Kasuwa iri-iri ce. Akwai ta hatsi, kamar Dawanau a Kano. Akwai ta dabbobi, kamar Maigatari da Potiskum. Akwai kuma kasuwar da kuɗi ne hajarta. A Wapa, cikin Fagge, 'yan canji na saye da sayar da dala da riyal da sefa. A Legas kuwa akwai kasuwar hannun jari. Can ne mutum ke sayen ɗan kaso na babban kamfani, kamar na siminti ko na sukari. In kamfanin ya ci riba, a ba shi rabonsa.

Manomi na iya cewa ina ruwansa da waɗannan, shi da bai taɓa riƙe dala ba. Da ruwansa kuwa. Injin ban ruwa, da maganin feshi, da kayan gyaran babur, da wasu sinadaran da ake haɗa takin zamani, akasari daga waje ake kawo su. Da dala ake biya. In dala ta yi tsada a Wapa, ba a daɗewa tsadar za ta iso kasuwar ƙauye.

Ga misali. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu a Abuja. A jawabinsa ya ce an daina biyan tallafin man fetur. Tallafi shi ne kuɗin da gwamnati ke cikawa don mai ya yi sauƙi. Kafin gari ya waye, dogayen layuka sun bayyana. Wasu gidajen mai suka rufe ƙofa. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Kano.

A nan ne darasin yake, sai a lura da kyau. Man da ke cikin tankin gidan mai a ranar, shi ne dai na jiya. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Abin da ya canza shi ne tunanin mutane. Mai gidan mai ya lissafa cewa in ya sayar a tsohon farashi, kuɗin ba zai ishe shi saro wani ba. Direba ya ji tsoron gobe, ya je cika tanki yau. Masu nema suka yi yawa, masu sayarwa suka noƙe. Ɗan kasuwa ba kuɗin da ya saro kaya kaɗai yake dubawa ba. Ya fi duba kuɗin da zai sake sarowa. Shi ya sa labari kan riga kaya isa kasuwa.

Ran 14 ga Yuni na wannan shekara, Babban Bankin Najeriya ya daina tsayar da farashin dala, ya bar kasuwa ta yanka. A lokacin farashin gwamnati wajen naira 460 ne. Cikin 'yan kwanaki ta haura 700. A Fabrairu 2024 ta wuce 1,500.

Abin mamaki, labarin tallafin da ya sa talaka kuka, murna ya sa a kasuwar hannun jari. Washegarin jawabin farashin hannayen jari ya tashi sosai. Masu jari sun yi lissafin cewa kuɗi zai rage zurarewa daga baitulmali, gwamnati za ta fi iya biyan bashi. Labari ɗaya ne, amma kowa da inda ya taɓa shi.

To, sai hatsi. A farkon 2024 masara da gero da shinkafa sun yi tsadar da ta gigita magidanta. Kuɗin mota ya ninka. Rashin tsaro ya hana noma a wurare da dama. Ga shi naira ta faɗi, don haka mai riƙe da sefa ko dala sai hatsin Najeriya ya yi masa araha, ya sayi da yawa. Ganin haka, wasu suka cika rumbu da sito, suna jiran farashi ya ƙara hawa.

A Yuli 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin kwastan na kwana 150 a kan masara, da alkama, da wake, da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Wato ta sauƙaƙa shigo da su daga waje. Bayan haka kaka ta zo, sabon hatsi ya shigo. A 2025 farashi ya sauko ƙwarai. Mai saye da kwano ya sami sauƙi. Amma wanda ya saya da tsada ya ɓoye, ya tafka hasara. Manoma da yawa ma sun koka, don hatsi ya karye amma taki bai sauko ba. Kukan nasu kuwa yana da dalili.

Saboda haka in manomi ya ji labari, akwai abin dubawa kafin ya taɓa rumbu. Da farko, wa ya faɗa? Sanarwar Babban Banki ko ta minista a rediyo daban take da “an ce” ta tasha. Wani dillalin kan baza jita-jitar faɗuwar farashi da gangan, don ya saye da araha. Sai kuma a tambaya: an fara aiki da dokar ne, ko niyya ce kawai? Sau da yawa akwai tazara tsakanin sanarwa da aiki.

Manomin da ya koyi karatu da lissafi yana da makami a nan. Ya samu ɗan littafi. Duk ranar kasuwa ya rubuta kwanan wata, da kuɗin buhun masara, da na taki, da na litar mai. In an yi wata babbar sanarwa, ya rubuta ta a gefe. In ya tashi sayarwa, ya ware abincin gida na shekara tukuna. Sauran ya fitar kashi-kashi, wani da kaka, wani da rani, wani gab da faɗuwar damina lokacin da ake neman kuɗin taki.