Warware Matsalar Musayar Fayil Tsakanin Kwamfutocin Gida

1.0 Gabatarwa

Ba ƙaramin takaici ba ne mutum ya zauna da kwamfutoci biyu a gida ɗaya, fayil ɗin da yake nema yana cikin ɗaya, amma ɗayar ta ƙi buɗe shi. Ɗalibin da ya ajiye babin kundinsa a kwamfutar falo, ga shi da safe zai miƙa wa malami, ya fi kowa sanin zafin wannan. Da yawa sukan haƙura su koma ga filashi, wanda sau tari shi ke kwaso cuta daga shagon buga takardu ya kawo gida. Wasu kuma sukan bi shawarar duk wanda suka tarar, su kashe dukkan matakan tsaro don dai fayil ya buɗu, ba su san sun bar gida ba ƙyaure ba.

Wannan muƙala za ta nuna cewa matsalar tana da tsari, kuma da tsari ake warware ta. Akwai matakai shida da saƙo yake ratsawa kafin folda ta buɗu. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, za a gano inda gizo yake saƙar ba tare da an rushe tsaron kwamfuta ba. Misalan sun fi karkata ga Windows 10 da Windows 11. Don sauƙin bayani, kwamfutar da foldar take ciki za mu kira ta mai masauki, wadda take son shiga kuma baƙuwa.

2.0 Yadda Musayar Take Gudana

Kwamfutocin Windows suna musayar fayil ne ta wata ƙa'idar sadarwa da ake kira SMB. Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin IBM a shekarar 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa. Zubi na biyu ya zo tare da Windows Vista a 2006, na uku kuma tare da Windows 8 a 2012. Kwamfutocin Apple suna jin wannan ƙa'ida, haka ma na Linux ta hanyar manhajar Samba wadda Andrew Tridgell ya fara a farkon shekarun 1990.

Abin ya yi kama da zuwa baƙunta. Dole a samu hanya, a san lambar gida, mai gadi ya bari a wuce, a san sunan mai gida, a faɗi ko wane ne ke sallama, sannan a yi wa mutum iso zuwa ɗakin da ya nufa. Ko ɗaya aka rasa, ziyara ta ɓaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya ana gyaran iso alhali baƙo bai ma iso unguwar ba.

3.0 Matakan Bincike

3.1 Mataki na Ɗaya: Hanya

Tambayar farko ita ce: shin kwamfutocin biyu a jikin rauta ɗaya suke? Rauta ita ce na'urar da ke haɗa kayan gida da juna, ta kuma haɗa su da intanet. In da kebul aka haɗa, a duba ko 'yar fitilar da ke bakin kebul ɗin tana ƙyaftawa. In Wi-Fi ne, a tabbatar sunan da aka hau iri ɗaya ne a duka biyun. Yakan faru ɗaya tana kan rauta, ɗayar kuma ta koma kan Wi-Fi ɗin wayar hannu ba a lura ba. Duk suna samun intanet, amma ba sa ganin juna.

Rautoci da dama suna da Wi-Fi na baƙi, wanda da gangan aka tsara shi don hana na'urori ganin juna. Duk kwamfutar da ke kansa sai a mayar da ita kan na ainihi. Sannan a tabbatar mai masauki ba barci take yi ba, domin kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa sallama.

3.2 Mataki na Biyu: Adireshi

Kowace na'ura tana da lambar da rauta ta ba ta, wato adireshin IP. Don ganin sa, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, sannan a cikin baƙin allon da zai fito a rubuta ipconfig. A nemi layin da aka rubuta IPv4 Address. A yawancin gidaje lambar tana farawa da 192.168, misali 192.168.1.5.

A tsarin gida na yau da kullum, gungun lambobi uku na farko dole su zo ɗaya a kwamfutocin biyu, na ƙarshe kaɗai zai bambanta. In ɗaya tana 192.168.1.5 ɗayar kuma 192.168.0.7, to ba a unguwa ɗaya suke ba, sai a koma mataki na ɗaya. In kuwa lambar ta fara da 169.254, wannan alama ce cewa kwamfutar ta nemi adireshi a wurin rauta ba ta samu ba, shi ne ta laƙa wa kanta. A nan sai a kashe rauta a kunna, a sake duba kebul.

Daga nan, a kan baƙuwa, a rubuta ping sannan adireshin mai masauki. Za ta aika saƙo huɗu ta jira amsa. In amsa ta dawo, hanya lafiya lau take. In ba ta dawo ba, kada a yanke hukunci tukuna, domin Windows takan ƙi amsa irin wannan saƙo matuƙar ba a kunna musayar fayil ba. A kuma sani cewa adireshin ba na dindindin ba ne. Idan aka ɗauke wuta rauta ta mutu, tana iya ba kwamfuta wata lambar dabam bayan ta tashi. Wannan ne ya sa abin da ya yi aiki jiya yakan ƙi yi yau.

3.3 Mataki na Uku: Mai Gadi

Windows tana da katangar tsaro da ke tace duk saƙon da zai shigo. Musayar fayil tana bi ta ƙofa mai lamba 445 ne, kuma buɗuwar wannan ƙofa ta danganta da irin matsayin da aka ba mahaɗar. Matsayin iri biyu ne: Public, na wuraren jama'a kamar otal da filin jirgi, da Private, na gida. A matsayin farko kwamfuta takan ɓoye kanta. Windows 11 kuwa duk sabuwar mahaɗa a matsayin Public take ajiye ta, har sai mai ita ya canza. Wannan kaɗai shi ne sanadin matsalar a gidaje da yawa.

A shiga Settings, a zaɓi Network & internet, a buɗe bayanan mahaɗar da ake kai, a mayar da ita Private a duka kwamfutocin. Sannan a nemi Advanced sharing settings, a kunna Network discovery da File and printer sharing a sashen Private kawai. Yin haka zai sa katangar ta buɗe ƙofar da ake buƙata da kanta. In an sa wata manhajar rigakafin cuta ta wani kamfani, a tuna tana iya zuwa da tata katangar, ita ma sai an shaida mata cewa wannan mahaɗar ta gida ce. Kashe katanga gaba ɗaya ba magani ba ne.

3.4 Mataki na Huɗu: Suna

Sau da yawa mai masauki ba ta fitowa a jerin Network, sai mutum ya ɗauka ba ta nan. Rashin ganin ta a jeri dabam, rashin iya shiga dabam. A danna Windows da R, a rubuta \\192.168.1.5, wato sanda biyu masu jingina baya sannan adireshin mai masauki. In foldojin suka bayyana, musaya tana aiki, matsalar suna ce kawai.

Ana sanin sunan kwamfuta ta hanyar rubuta hostname a baƙin allon nan. A tabbatar babu kwamfutoci biyu masu suna ɗaya. Don mai masauki ta riƙa fitowa a jeri, a rubuta services.msc, a nemi Function Discovery Resource Publication da Function Discovery Provider Host, a tayar da su, a kuma sa su riƙa tashi da kansu. Game da sunan rukuni, wanda Windows ke sa wa WORKGROUP, yana da kyau ya zo ɗaya, amma bambancinsa ba ya hana shiga ta adireshi.

3.5 Mataki na Biyar: Wane ne ke Sallama?

A nan mutane suka fi ruɗewa. Idan akwatin neman suna da kalmar sirri ya fito, asusun da ke kan mai masauki ake tambaya, ba na baƙuwa ba. Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, Windows ba ta yarda a shigo daga wata kwamfuta da asusun da ba shi da kalmar sirri. Na biyu, lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki a nan, domin a jikin wannan na'urar kaɗai take ci. Na uku, in asusun na Microsoft ne, adireshin imel da kalmar sirrinsa ake so.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe wani asusu na musamman a kan mai masauki, a ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, a riƙa shiga da shi. Wajen rubuta suna, a fara da sunan kwamfutar, kamar haka: FALO\musaya. In an taɓa canza kalmar sirri, wataƙila baƙuwa tana riƙe da tsohuwar tana ta miƙawa. A buɗe Credential Manager a goge ta. Umarnin net use * /delete kuma yana tsinke duk tsofaffin haɗe-haɗe, sai a sake shiga daga farko.

3.6 Mataki na Shida: Iso

Izinin folda hawa biyu ne, kuma duka ana samun su idan aka danna folda da maɓallin dama aka zaɓi Properties. Akwai na shafin Sharing, akwai na shafin Security. Ƙa'idar ita ce, wanda ya fi tsauri shi ke cin nasara. Misali, in Sharing ya ba mutum cikakken iko amma Security ya ce karatu kawai, to zai buɗe fayil amma ba zai iya gyara shi ko ajiye sabo ba. In kuma sunansa, ko na wani rukunin asusu da yake ciki, bai fito a Security ba sam, ko leƙe ba zai yi ba. Saboda haka a sa sunan asusun a wuraren biyu, a ba shi gwargwadon abin da yake buƙata. Ya fi kyau a ware folda guda don musaya, a bar sauran kwamfutar a rufe.

4.0 Abin da Saƙonnin Kuskure ke Nufi

Saƙon da kwamfuta ta bayar yakan nuna matakin da aka tsaya. Lamba 0x80070035 ko kuskure na 53 yana nufin ba a samu hanya ba, sai a duba mataki na ɗaya zuwa na huɗu. Kuskure na 5 yana nufin an isa amma an hana shiga, wannan aikin mataki na biyar da na shida ne. Kuskure na 1219 kuma yana nufin ana ƙoƙarin shiga kwamfuta ɗaya da asusu biyu a lokaci guda, maganinsa tsinke tsohon haɗi.

5.0 Tsofaffin Shawarwari Masu Haɗari

Wasu shawarwarin da ke yawo zamaninsu ya wuce. Tsarin HomeGroup, wanda ya zo da Windows 7 a 2009, an cire shi daga Windows 10 tun 2018, don haka neman sa ɓata lokaci ne.

Wadda ta fi haɗari ita ce shawarar a kunna SMB zubi na ɗaya. Gaskiya ne Windows XP da wasu tsofaffin na'urorin ajiya ba su jin wani zubi sai shi. To amma ta wata ɓaraka da ke cikinsa ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150 tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Tun daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ya fara daina kunna shi a sababbin Windows. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda yake da tsohuwar kwamfuta, gara ya kwashe fayilolinsa zuwa sabuwa sau ɗaya, da ya buɗe wannan ƙofa.

Haka nan, zubin Windows 11 na 2024, mai lamba 24H2, ya ƙara tsaurara shiga ba tare da suna da kalmar sirri ba. Shi ya sa wasu foldojin da a da suke buɗuwa kai tsaye suka daina bayan sabuntawa. Gyaran da ya dace shi ne buɗe asusu kamar yadda aka nuna a mataki na biyar, ba sassauta tsaro ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa ba sai an kira makaniken kwamfuta ba kafin a shawo kan wannan matsala. Abin da ake buƙata shi ne haƙuri da bin tsari: hanya, adireshi, mai gadi, suna, asusu, sannan iso. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka canza a takarda, don in bai yi ba a mayar da shi yadda yake. Sannan kada a manta cewa foldar musaya ba ma'ajiyar ko-ta-kwana ba ce: wanda aka ba ikon gyara fayil yana iya goge shi bisa kuskure, kuma abin da aka goge daga wata kwamfutar ba ya faɗawa kwandon shara, tafiya yake yi. Duk aikin da ba a son rasawa, musamman kundin bincike, a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam tun kafin a fara taɓa komai.