In An Tura Ka Wakiltar Masu Nono

Ɗan'uwa matashi, idan ƙungiyar makiyaya ta zaɓe ka ka yi magana da yawunta a taron Ranar Madara ta Duniya, 1 ga Yuni, kada ka dogara da haddar takarda. Tambaya ɗaya ta isa a gane wanda bai taɓa taka ruga ba.

Kafin ranar, yi sammako ka zauna da masu tatsa da matan da ke tallar nono. Tambaye su lita nawa saniya ke bayarwa da damina, nawa da rani, nawa ake sayen dusa, da yadda zafi ke lalata madara a hanya. Maganarsu za ka kai.

In za ka raba wa yara madara, tafasa ta tukuna, domin ɗanya kan ɗauko ƙwayar tarin fuka.