Kafin Ka Zare Filas: Dokoki ga Masu Shagon Kwamfuta da Ɗalibai a Tudun Wada

A Tudun Wada da sauran unguwannin Sakkwato ta Kudu, filas ba ya zama wuri ɗaya. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ya kai furojet shagon buga takardu, daga nan ya biya wajen mai tura fina-finai, da dare kuma ya soka shi a kwamfutar abokinsa. Kowa ya gama sai ya fizge. Ranar da aikin wata shida ya ƙi buɗuwa, sai a ce mai shago ne ya ci amana. Ga ƙa'idojin da ya wajaba a kiyaye.

Kada ka zare filas don kawai layin da ke nuna tura fayil ya cika ya ɓace. Kwamfuta kan tara abin da za ta rubuta a ma'ajiyarta ta wucin gadi, ta nuna maka an gama, sannan ta ci gaba da zuba shi cikin filas a hankali, kamar ɗan aiken da ya ce ya kai saƙo alhali yana aljihunsa. Idan ka fizge a wannan tsakanin, za ka ga sunan fayil ɗin, amma cikinsa rabi ne ko fanko. Abin da ya fi wannan muni shi ne a katse ta tana gyara jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Yawancin filas suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da kundin da za su koma su gyara rubutun da ya yanke, saɓanin NTFS da Windows ke amfani da shi a cikinta. Jadawalin nan in ya lalace, har takardun da ba ka taɓa ba a ranar suna iya salwanta.

Kafin ka zare, ka rufe duk abin da ka buɗe daga cikin filas ɗin, ko Word ne ko hoto ko bidiyo. Sannan ka je ƙasan allo ta dama, kusa da agogo, ka danna alamar filas, ka zaɓi Eject, ka jira sanarwar cewa za ka iya cirewa.

In kwamfutar ta ce har yanzu ana amfani da shi, kada ka ce ƙarya take. Akwai manhajar da ke riƙe da shi, wataƙila mai binciken bairos ce. Ka ɗan dakata ka sake gwadawa. In ya faskara, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya ta hanyar da ta dace, sannan ka zare.

Kada ka kafa hujja da cewa Microsoft ta ce an daina buƙatar wannan. Gaskiya ne tun daga Windows 10 samfurin 1809, wanda ya fito a 2018, kamfanin ya mayar da tsarin cirewa da sauri ya zama na asali, wato kwamfuta ba ta jinkirta rubutu zuwa filas. Amma ko a hakan, in ka zare ana tsakiyar rubutu ka yi ɓarna. Kuma ka san wane samfuri ne a kan kwamfutar shagon da ka shiga? Tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7 ba su ƙare a shagunanmu ba. Mac da Linux kuwa suna jinkirta rubutu har gobe. Wayar Android da ka haɗa wa filas ta OTG ita ma tana da wurin danna cirewa, ka neme shi.

Kada ka yi aiki kai tsaye a kan fayil da ke cikin filas. Ka kwafo shi kan kwamfuta, ka gyara, ka mayar. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ko a kashe janareto don mai ya ƙare, kwamfutar tebur da ba ta da UPS tana mutuwa nan take, kuma a wajen filas hakan daidai yake da fizgewa.

Yanzu a ce mai afkuwa ta afku, ka soka filas kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat. Kada ka danna. Na maimaita, kada ka danna, kuma kada ka bari yaron shago ya danna maka don sauri. Sau da yawa fayilolin suna nan, jadawalin ne kawai ya rikice. Kada ka ƙara tura komai a ciki, domin sabon rubutu yana hawa kan tsohon ya shafe shi. Ka kai wa wanda ya iya aiki da manhajoji irin su PhotoRec ko Recuva, kuma abin da aka ceto a zuba shi a wani wuri dabam. Wani lokaci a dace, wani lokaci a samu rabi.

Ba kowace ɓarna ce laifin fizgewa ba. In fayilolinka sun koma gajerun alamomi masu 'yar kibiya, bairos ne ya ɓoye su, kada ka buɗe ko ɗaya. Filas mai arha da aka rubuta wa girman da bai kai ba shi ma yana cinye fayil ko ka bi duk ƙa'ida. Haka barin sa cikin mota a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, ganganci ne.

Ka ajiye kwafi biyu na duk takardar da ba za ka iya jure rashinta ba, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a imel ɗinka ko Google Drive. Satifiket, takardar JAMB, furojet da hotunan biki duk suna ciki.

Ku kuma masu shaguna, ku hana kwastoma taɓa bayan kwamfuta. Ku karɓi filas da hannunku, ku cire da hannunku, ku buɗe fayil ɗin a gabansa ya gani kafin ya biya. Yaron da kuka ɗauka aiki, ku koya masa wannan tun ranar farko, kafin ku koya masa fotokwafi.