Darasin Lafiya: Ciwon Gwaiwa Da Maganinsa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne wanda kowa ya sani, amma ba mai son ambatonsa a gaban jama'a, watau gwaiwa. Waɗansu kuma su kan ce ƙaba. A nan Geza, da sauran garuruwan ƙasar Bagudo kamar su Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, har bakin iyakar Benin, aikinmu na ƙarfi ne: noman shinkafa a fadama, da tuƙin jirgi a Kwara, da ɗaukar buhu ran kasuwa. Da wuya a sami ƙauyen da ba mai wannan ciwo. Amma mai shi ya kan ɓoye shi cikin babban wando shekara da shekaru, saboda kunya da gudun ba'a.

Abu guda mu ke so kowa ya riƙe daga darasin nan. Gwaiwa ɓula ce a bangon ciki, ɓula kuwa ba ta toshewa da abin sha. Sai an ɗinke ta. Gara mutum ya zaɓi ranar ɗinkin da kansa, da ciwo ya zaɓa masa da tsakad dare.

1. Mece ce gwaiwa?

Cikin mutum kamar buhu ne mai ƙarfi, wanda a ka saƙa da tsoka. Hanji da kitsen ciki suna ajiye a cikinsa. Idan saƙar ta yi rauni a wani wuri, sai hanji ya riƙa tura wurin har ya leƙo ƙarƙashin fata. Ƙullutun nan da a ke gani, shi ne gwaiwa.

Ga maza akwai wurin da ya ke da rauni tun haihuwa. Sa'anda ɗa namiji ya ke cikin uwa tasa, 'ya'yan marainansa suna can cikin ciki. Kafin haihuwa su kan sauko ta wata 'yar hanya a matsematsi. Hanyan nan ta kan rufe, amma ga waɗansu ba ta rufewa sarai, ga waɗansu kuma ta kan saki sa'anda girma ya zo. Domin wannan ne ciwon ya fi kama maza. Likitoci sun ƙididdige cewa cikin maza 100, wajen 27 za su yi gwaiwar matsematsi a zamansu na duniya, cikin mata 100 kuwa wajen 3. A ƙasar Ashanti ta Gana an duba magidanta, a ka buga sakamakon a 2016: wajen mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da gwaiwar da ba a yi wa aiki ba.

Abubuwan da su ke tura hanji su faɗaɗa ɓular su ne tari mai daɗewa, da yunƙurin bayan gida, da yunƙurin fitsari ga tsofaffi, da kaya mai nauyi, da yawan ciki ga mata. Shan taba kuma yana raunana tsoka. Ta kan bi dangi. Amma ba sammu ba ne, ba a ɗaukarta wurin mace, ba kuwa alhakin wani laifi ba ce.

2. Iri-irinta

(a) Ta matsematsi. Ita ce mafi yawa, wajen uku cikin huɗu na dukan gwaiwar bangon ciki. Ta kan soma kamar ƙwan kaza a gefen mara, ta fi fitowa a dama. In an bar ta, sai ta gangara cikin maraina ta yi ta girma. Jarirai ma su kan yi ta, tun ba bakwaini ba. Uwa za ta ga kumburi sa'anda yaro ya ke kuka. Irin wannan ba ta rufewa da kanta, sai an yi aiki.

(b) Ta saman cinya. Wannan tana fitowa ƙasa kaɗan da ta fari, ta fi kama mata, musamman waɗanda su ka manyanta. 'Yar ƙarama ce, kamar goro, har a kan ɗauka kaluluwa ce. Amma ƙofarta matsattsiya ce ƙwarai, saboda haka ta fi sauran saurin shaƙe hanji. Macen da ta ga ƙullutu a wurin nan, kada ta jira.

(c) Ta cibiya. Kowa ya san yaro mai cibi. Yawancinsu cibin ya kan koma da kansa kafin shekara 4 ko 5. Ɗaura kwabo ko tsumma a kai ba ya ƙara kome, sai dai ya ci fata. In ya wuce shekara 5 bai koma ba, ko kuwa ya yi tauri yana ciwo, a kai yaron asibiti. Cibin da ya fito wa babba, kamar mace bayan haihuwa da yawa, ba ya komawa.

(d) Ta tsakanin cibiya da ƙirji. Ƙarama ce, yawanci kitse ne ya leƙo, amma ta kan yi zafi.

(e) Ta tabon aiki. Wanda a ka taɓa tsaga cikinsa, kamar macen da a ka cire wa ɗa, wurin ɗinkin ya kan saki daga baya, tun ba in ya yi mugunya ba.

(f) Ta cikin ƙirji. Wannan ba a ganinta a waje. Bakin tumbi ne ya ke tura kai sama ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Alamarta ƙwannafi ne. Ita kaɗai ce cikinsu a kan lallaɓa da magani da gyaran ci, ba lalle sai aiki ba.

3. Gwaiwar ruwa dabam ce

Mu Hausawa mu kan kira kowane kumburin maraina gwaiwa, amma iri biyu ne. Akwai wadda hanji ya sauko, akwai wadda ruwa ne ya taru. Ta ruwa ba ta komawa in mutum ya kwanta, ba ta motsi in ya yi tari, sau da yawa kuma in an haska ta da tocila cikin duhu sai haske ya ratsa ta. A ƙasashen fadama irin tamu, tsutsar tundurmi wadda sauro ke bazawa tana cikin masu kawo ta. Ita ma aiki ne maganinta. Kada a yarda a yi wa kumburin maraina sakiya ko a tsotse shi da allura a gida. In ruwa ne, zai sake taruwa. In kuwa hanji ne, an huda hanji ke nan.

4. Alamu, da ranar haɗari

Da fari ƙullutun ya kan fito in mutum ya miƙe tsaye, ko ya yi tari, ko ya ɗauki kaya. In ya kwanta sai ya koma, wani lokaci da ɗan ƙugi. Ya kan ji nauyi da jan jijiya wajen maraice bayan aiki. Da shi ke zafin ba shi da yawa, sai ya ce ba kome.

Amma wata rana hanjin zai fito ya kāsa komawa, bakin ɓular ya shaƙe shi kamar zarge. Abinci ba ya wucewa, jini kuma ba ya kai wa gare shi. A nan ne cibi ya zama ƙari. Ga alamun:

Ƙullutun ya yi tauri, ya ƙi komawa, ba ya taɓuwa don zafi.
Ciwon ciki mai murɗa, da amai.
Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba fitar iska.
Fatar wurin ta sāke kama, zazzaɓi ya zo.

Hanjin da jini ya yanke masa yana iya soma mutuwa cikin awa 6. Mu auna wannan da zamanmu. A nemi babur ko mota da dare, a nemi kuɗi wurin dangi, a bi hanyar da ruwa ya ɓata da damina, watakila kuma asibitin kusa ya tura mu gaba zuwa Birnin Kebbi. Awa 6 ba ta da wuyar ƙarewa. Saboda haka ran da alamun nan su ka bayyana, kada a jira gari ya waye. Kada a danna ƙullutun da ƙarfi, kada a gasa shi, kada a ba da maganin wanke ciki. Kada a ba shi abinci ko fura, gama za a yi masa aiki. A kama hanya nan da nan.

5. Magani

Ba saiwa, ba ƙwaya, ba allurar da ke rufe ɓular tsoka. Masu tallan maganin gwaiwa da lasifika ran kasuwa suna cin kuɗinmu ne kawai. In mutum ya sha ya ga ƙullutu ya koma, ai ko bai sha ba zai koma in ya kwanta. Ɗamara kuma tana tare shi ne na ɗan lokaci, ba ta warkarwa.

Aikin gwaiwa ba sabon abu ba ne. Wani likitan Italiya, Bassini, shi ya nuna a 1887 yadda za a mai da hanji ciki a ɗinke bangon da kyau. Bayan shekara ɗari, wajen 1989, wani likita a Amurka mai suna Lichtenstein ya baza dabarar shimfiɗa 'yar raga a wurin, kamar yadda a ke yi wa buhu faci maimakon a jawo bakinsa da ƙarfi. Tsoka ta kan tsiro cikin ragar ta riƙe ta, ciwon kuma bai cika dawowa ba. Da shi ke ragar kamfani tana da tsada, likitocin Indiya su ka gwada ragar gidan sauro wadda ba a sa mata magani ba, a ka tsabtace ta a asibiti. A Yuganda an gwada ta a kan maza wajen 300, a ka buga sakamakon a 2016, ba a ga bambanci tsakaninta da mai tsada ba. Wannan aikin likita ne, ba gidan sauron ɗakinmu a ke nufi ba. Yara kuwa ba a sa musu raga, ɗaure 'yar hanyar kawai a ke yi.

A duniya a kan yi aikin nan fiye da sau miliyan 20 kowace shekara. Yawanci ba ya wuce awa guda. Ba kullum a ke sa mutum barci ba. Sau da yawa allura a ke yi a wurin, ko a gadon baya, mutum yana farke amma ba ya jin zafi. A manyan asibitoci kuma a kan yi shi ta 'yan ƙananan huji da na'ura mai haskawa. Ana yinsa a asibitocin gwamnati inda akwai likitan fiɗa, har da asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Akwai kuma asibitin mishan na Galmi a Nijar, wanda a ka buɗe a 1950, da na Bembereke a Benin. Abin gudu shi ne a miƙa ciki ga mai kantin magani a bayan ɗaki domin araha.

Mun san abin da ke hana maza da yawa, ko da shi ke ba su faɗa. Suna tsoron kada aikin ya taɓa mazakuta ko haihuwa. Yawanci ba a cire wata gaɓa daga jikin mutum cikin aikin da a ka shirya tun da wuri. Gwaiwar da a ka bari ta girma, ita ce ke ɓata zaman aure. Wadda ta shaƙe kuwa, ita ce ke sa a yanke hanji, jiyya ta yi tsawo, kuɗi ya ninka, wani lokaci a rasa rai.

Wanda tasa ƙarama ce, ba ta ciwo, likita yana iya ce masa ya dakata. Amma yawancin masu dakatawa su kan koma ga aiki daga baya. Mu da mu ke nesa da asibiti, jira ya fi mana haɗari bisa ga mutanen birni.

6. Bayan aiki

A kan ta da mutum ya taka tun ran da a ka yi aikin, a sallame shi ran nan ko bayan kwana ɗaya ko biyu. Tafiya a hankali tana taimakon warkewa. Kwanciya wuni zubur ba ta da amfani. A bar wurin a bushe da tsabta, kada a shafa masa toka ko man shanu ko garin magani. In zaren na cirewa ne, a kan cire shi bayan kwana 7 zuwa 10. A sha ruwa da yawa, a ci ganye kamar zogale da rama domin kada ciki ya ɗaure. In tari ya zo, a dafe wurin da hannu.

Maraina su kan ɗan kumbura su yi duhu kwana kaɗan, wannan ba abin tsoro ba ne. Ƙananan hidimomi a kan koma musu cikin mako ɗaya ko biyu. Amma huɗa, da tuƙin jirgi, da ɗaukar buhu, da daka, da jan guga, a kan ce a dakata mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya faɗa. Wajen mutum ɗaya cikin goma ya kan ji ɗan zafi ko mutuwar fata a wurin har watanni. A koma asibiti da sauri in an ga zazzaɓi, ko mugunya, ko jini, ko amai, ko fitsari ya ƙi fita, ko kumburi yana ƙaruwa.

7. Abin da ya rage gare mu

Tun da a ke bukatar hutun mako 6, lokacin da ya fi dacewa ga manomi shi ne bayan kaka, sa'anda amfani ya shiga rumbu, kuɗi yana hannu, hanya ta bushe. Mai noman rani kuma ya dubi tsakanin girbi da shuka. Buhun shinkafa kaɗan da a ka sayar domin aikin da a ka shirya ya fi saniyar da za a karyar da dare.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Magidanci ya gaya wa matarsa da wani dattijo amintacce. Mu kuwa mu daina yi wa masu ciwon nan dariya, gama dariyarmu tana cikin abin da ke sa su ɓuya. Dattawan ekklesiya su lura da mai bukata, a haɗa masa gudummawa, samari su yi masa gayya a gona, mata su ɗauke wa 'yar'uwarsu daka da ɗiban ruwa. Maƙwabcinmu kuma, ko wane ne shi, mu gaya masa abin da mu ka koya. Mu yi wa mara lafiya addu'a, mu kuma raka shi asibiti.

Tambayoyi

1. Don me abin sha ba ya warkar da gwaiwa?
2. Wace iri ce ta fi haɗari ga mata, don me kuma?
3. Ku faɗi alamu huɗu na hanjin da ya shaƙe. Me za a yi, me kuma ba za a yi ba?
4. In wannan ya faru a garinku yau da dare, motar wa za a nema, asibitin ina za a nufa? Ku shirya amsar tun yanzu.